Ƙauyen Aro: Inda Ba A Karɓar Mara Lafiya Sai Da Ɗan'uwansa

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba, da kuma waɗanda suka fi son karatu.

Yau za mu taɓo maganar da gidaje da yawa ba sa so a yi ta a gaban baƙo, wato taɓin hankali. Duk inda aka tayar da zancen, tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Ana gadonsa? Ana warkewa? In uwa ce ta kamu, ya za a yi da yara? A bar mutum a gida ne, ko a kai shi wani wuri a rufe? A 1954 wani likita a Abeokuta ya gwada amsa tambaya ta ƙarshen nan a aikace, kuma abin da ya gano ya haska sauran tambayoyin gaba ɗaya. Labarinsa za mu bi yau.

Amma bari mu fara da abin da ya tarar. Lokacin da Turawan mulkin mallaka suka kafu a Legas, ba su tanadi wurin kula da masu taɓin hankali ba. Wasu a kurkuku ake zuba su, wasu kuma a sa su a jirgin ruwa zuwa Saliyo, domin can akwai gidan mahaukata a Kissy, kusa da Freetown. Ka ɗauka ɗanka ne aka tsallaka teku da shi, a zamanin da babu waya. Shi ke nan, rabuwar ke nan.

A 1904 aka buɗe irin wannan gida a Kalaba. A 1907 aka buɗe na Yaba a Legas, cikin wani tsohon ginin hukumar jirgin ƙasa. A 1916 aka kafa dokar mahaukata, wadda aka yi wa kwaskwarima a 1958. Babban abin da dokar ta damu da shi shi ne wa ke da ikon tsare mutum: likita ya sa hannu, majistare ya ba da umarni, a kulle. Da yake gidajen ba su da yawa kuma kullum a cike suke, sai gidajen yari suka zama ma'ajiya. A Arewa ma haka abin yake, za ka tarar da mutum a gidan yarin gwamnati ko na En'e, bai yi sata ba, bai kashe kowa ba, laifinsa kawai ciwonsa.

Don a yi adalci, abu biyu ya kamata mu faɗa. Na farko, a wancan lokacin ko a Turai babu wani ƙwaƙƙwaran magani na irin wannan ciwo. Sai a 1952 likitoci a Faransa suka fara amfani da maganin da aka fi sani da Largactil, wanda shi ne na farko da ya iya kwantar da jin muryoyi da ruɗani mai tsanani. Na biyu, ba Bature ne ya kawo mana ɗauri ba. Kalmar "turu" tamu ce, "mari" ma tamu ce. Iyalin da ɗansu ya fi ƙarfinsu, ba magani, ba mai taimako, abin da suka sani ke nan. Abin da gidan mahaukata na Bature ya ƙara a kai shi ne nisa. A turun gida aƙalla uwarsa na miƙa masa tuwo. A Yaba ko wannan babu.

Akwai kuma irin tunanin da likitocin mulkin mallaka ke da shi a kanmu. Wani likita mai suna Carothers, wanda ya shugabanci asibitin Mathari a Nairobi ta Kenya, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya littafi a 1953 a kan tunanin mutumin Afirka. A ganinsa baƙar fata bai cika kamuwa da ciwon damuwa ba, wai don ba shi da zurfin tunani da jin nauyin laifi irin na Bature. Har ya taɓa kwatanta ƙwaƙwalwar lafiyayyen ɗan Afirka da ta Baturen da aka yi wa tiyata aka lalata gaban ƙwaƙwalwarsa. Wannan fa ƙwararre ne da duniya ke saurara a lokacin. To in an yarda mutum ba ya jin irin zafin da kake ji, me zai sa a ɓata kuɗi wajen yi masa magani?

Cikin wannan yanayi Thomas Adeoye Lambo ya dawo gida. An haife shi a Abeokuta a 1923. Ya yi karatun likita a Jami'ar Birmingham ta Ingila, sannan ya ƙware a fannin ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley na Landan. Shi ne ɗan Najeriya na farko da ya samu wannan ƙwarewa. A 1954 aka tura shi Aro, a gefen garinsu, inda gwamnati ke gina sabon asibitin ƙwaƙwalwa. Ya iso ya tarar ginin bai kammala ba, ɗakunan kwanciya ba su shirya ba, ga kuma marasa lafiya ana ta kawowa.

Wani zai zauna jiran 'yan kwangila. Shi kuwa sai ya nufi ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, ya zauna da dagatai da dattawa, ya roƙe su su ba marasa lafiya hayar ɗakuna a cikin gidajensu. Da farko mutanen ƙauye sun ji tsoro, kamar yadda ni da kai za mu ji. Wa zai so a kawo masa mahaukaci ɗakin da ke kusa da na 'ya'yansa? Sai da aka sha zama kafin suka amince. A ƙarshen 1954 aka fara, kuma tsarin ya kai ƙauyuka huɗu, masu ɗaukar marasa lafiya 200 zuwa 300 a lokaci guda.

Ga sharaɗin da ya sa muka ɗauko labarin nan. Ba a karɓar mara lafiya shi kaɗai. Dole wani nasa ya biyo shi ya zauna da shi, galibi uwa ce, ko 'yar'uwa, ko gwaggo. Ita za ta dafa masa abinci, ta wanke masa kaya, ta raka shi asibiti da safe, ta komo da shi ƙauye da yamma. Da rana a asibiti ake ba shi magani irin na zamanin: ƙwayoyi, allurar insulin, da jona lantarki a kai ga waɗanda suke buƙata, da kuma sana'ar hannu. Da dare kuwa a cikin mutane yake kwana, yana jin kukan zakara da dakan turmi, yana zuwa kasuwa, yana zuwa masallaci ko coci. Akwai ma'aikatan jinya a ƙauyukan dare da rana ko wani abu zai taso.

Su ma mutanen ƙauye ba a banza suka yi ba. Suna karɓar kuɗin haya, an ba su rance sun ƙara ɗakuna, an kawo musu ruwan famfo da masai, an yaƙi sauro, wasunsu sun samu aiki a asibitin. Dattawa kuma suna zama da ma'aikatan asibiti lokaci-lokaci a tattauna yadda abubuwa ke tafiya. Mai taɓin hankali da ake gudu jiya, yau ya zama baƙon da zuwansa ya kawo wa gari famfo.

Lambo ya ƙara wani abu da ya ɓata wa wasu abokan aikinsa rai: ya jawo masu maganin gargajiya na Yarbawa ya yi aiki da su. Dalilinsa mai sauƙi ne. Mafi yawan waɗanda ake kawo masa sun riga sun je wajen mai maganin gargajiya, kuma in sun bar asibiti can za su koma. Iyalin da suka yi imani sammu aka yi wa ɗansu ba za su bar wannan imanin a bakin ƙofar asibiti ba. Gara a san abin da ake ba mara lafiya a can, a kuma samu wanda iyali suka yarda da shi yana cewa a sha maganin likita.

Me ya fito daga wannan gwaji? Lambo ya ba da rahoton cewa mutane suna samun sauƙi da wuri, suna komawa gida da wuri, kuma kuɗin da ake kashewa bai kai na kwantarwa a asibiti ba. Sannan akwai ribar da ba a auna ta da kuɗi. Matar da ta yi wata uku tana jinyar ɗanta a Aro za ta koma garinsu ta san sunan maganinsa, ta san lokacin shansa, ta san alamun da ke nuna ciwon na shirin tashi. Asibiti ya sallami mutum ɗaya, amma ya horar da na biyu. Kuma da yake ba a taɓa yanke shi daga dangi ba, babu ranar da za a ce yau za a "karɓe shi" kamar wanda ya fito daga gidan yari.

Sunan Aro ya zaga duniya. A 1961 aka yi taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na nahiyar Afirka a Abeokuta. Lambo ya haɗa gwiwa da Alexander Leighton na Jami'ar Cornell ta Amurka, suka bi ƙauyukan Yarbawa gida-gida suna bincike, suka wallafa sakamakon a 1963. Sun tarar da alamun damuwa da fargaba birjik, irin waɗanda ake samu a tsakanin Turawa. Maganar Carothers ta faɗi ke nan. Bayan haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wani babban bincike a cibiyoyi tara kan ciwon sikizofireniya, wato mai sa mutum jin muryoyi da yarda da abin da babu shi. Ibadan na cikin cibiyoyin. Da aka bibiyi marasa lafiyar bayan shekara biyu, sai aka ga na Ibadan da na Agra ta Indiya sun fi na biranen Turai samun sauƙi. Masana sun daɗe suna muhawara a kan wannan sakamako da dalilinsa, amma ɗaya daga cikin bayanan da aka fi kawowa shi ne zaman dangi. Shi kuwa Lambo ya zama shugaban Jami'ar Ibadan a 1968, daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988. Ya rasu a 2004.

To amma kada mu yi saurin cewa dangi magani ne kawai. A daidai waɗannan shekaru, wani masani a Landan mai suna George Brown yana bin marasa lafiyar da aka sallama daga asibiti. Shi da abokan aikinsa sun gano cewa wanda ya koma gidan da ake yawan yi masa gori da tsawa, ko gidan da aka takura masa da kulawar da ta wuce kima, ciwonsa ya fi saurin dawowa. Kun ga ashe zama cikin dangi kaɗai bai isa ba, irin zaman shi ne magana. A Aro 'yar rakiya tana da likita a kusa, tana da ma'aikacin jinya, tana da wasu mata irinta a ɗakin gaba da za ta yi wa ƙorafi. Ba a sakar mata nauyin ita kaɗai ba.

Yanzu mu koma ga tambayoyinmu.

Ana gadonsa? Akwai gado a ciki, amma ba kamar yadda ake ɗauka a wajen binciken aure ba. Ɗauki sikizofireniya. A cikin jama'a, kusan mutum 1 cikin 100 ne ke kamuwa a tsawon rayuwa. In ɗaya daga cikin iyaye na da shi, haɗarin yakan kai wajen 10 cikin 100. Wato yara kusan 90 cikin 100 na irin waɗannan gidaje ba za su kamu ba. Ko tagwaye masu kama ɗaya, in ɗaya ya kamu, damar ɗayan ya kamu ba ta wuce rabi ba. Sauran abubuwa na da hannu: wahalar haihuwa, tashin hankali a ƙuruciya, shan wiwi da ƙwayoyi. Kuma akwai ruɗewar da asalinta ciwon jiki ne, kamar zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko sanƙarau, ko farfaɗiya. Saboda haka yarinyar da aka fasa aurenta don gwaggonta ta taɓa kwanciya a asibitin ƙwaƙwalwa, an zalunce ta ne a kan lissafin da bai inganta ba.

Ana warkewa? Da yawa suna warkewa sarai. Wasu kuma suna rayuwa da ciwon kamar mai hawan jini ko ciwon suga, suna shan magani, suna kasuwanci, suna aure, suna renon 'ya'ya. Abin da ya fi dawo da ciwo shi ne a daina magani don an ga sauƙi, ko don kuɗi ya ƙare, ko don wani ya ce ai ba na asibiti ba ne. Nan darasin Lambo ke da amfani a gare mu. Ba a ce mutum ya bar addu'a ko ruƙiyya ba. A haɗa da ganin likita, kuma duk wanda ya ce a jefar da magani, ko ya ɗauko bulala da sarƙa, a bar wajensa.

Yara fa? Su ne aka fi mantawa da su. Yaro ƙarami in ya ga mahaifiyarsa ta daina magana, ko tana kuka ba dalili, abu na farko da zai zo masa shi ne shi ya jawo. Babbar 'ya kuma sai a cire ta daga makaranta ta zama mai girki da reno. A waje ga tsokana, "ɗan mahaukaciya". Abin da aka sani yana kare irin waɗannan yara ba mai tsada ba ne: babba ɗaya tsayayye da yaro zai jingina da shi, ko kaka ce ko kawu, bayani na gaskiya daidai hankalinsa, cewa Mama ba ta da lafiya, ana yi mata magani, kuma ba laifinka ba ne, sai kuma a bar shi ya ci gaba da makaranta da wasa. Ɓoye-ɓoye ba ya hana yaro gani, hana shi tambaya kawai yake yi. Sannan a sani su ma yara suna kamuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin matsalolin ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin shekara 14 ko a daidai nan.

Mai jego kuwa, fiye da mace 1 cikin 10 na shiga ciwon damuwa bayan haihuwa. Akwai kuma mai tsanani da ke kama mace 1 zuwa 2 cikin 1000, yawanci a sati biyun farko: ta kasa barci, ta ruɗe, ta ƙi jaririn ko ta ce ba nata ba ne. Wannan na gaggawa ne, a kai ta asibiti ranar, kuma ana warkewa. Al'adarmu ta zuwa wankan jego gidan iyaye tana da fa'ida a nan, don uwa ta fi kowa saurin gane 'yarta ta canja. Fa'idar tana ɓacewa ne in an gani aka ce iska ce kawai aka rufe ɗaki.

To ina ƙauyen Aro yake yau? Abeokuta ta faɗaɗa ta haɗiye ƙauyukan, ɗakunan kwanciya sun buɗe, kuma a hankali tsarin ya ja baya. Asibitin yana nan, babban asibitin ƙwaƙwalwa ne na gwamnatin tarayya. Amma ƙasar da ta koya wa duniya wannan darasi ba ta yaɗa shi a cikin gidanta ba. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane fiye da 300, manya da yara, da yawa da mari a ƙafa. Makonni kaɗan bayan haka aka fasa wasu gidajen irinsa a jihar Katsina da wasu wurare. Cikin waɗanda ake kaiwa irin waɗannan gidaje akwai masu shaye-shaye, akwai waɗanda aka ce sun gagari iyaye, akwai masu taɓin hankali. Kuma mafi yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi. Kafin mu zage su, mu tuna likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200. Uban da ya rasa inda zai nufa, duk ƙofar da ya gani a buɗe ita zai shiga.

Dokar 1958 kuwa ta ci gaba da aiki har zuwa Janairun 2023, lokacin da aka sanar Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Sabuwar ta amince cewa mai wannan ciwo yana da haƙƙi: kada a wulaƙanta shi, kada a nuna masa bambanci wajen aiki ko muhalli, kuma a ji ta bakinsa a kan maganinsa. Sai dai doka a takarda ba ta raka kowa asibiti.

Rakiyar nan ita ce tamu. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen masu wannan ciwo. In ka kai naka, ka shiga da shi wajen likita, ka tambayi sunan maganin da illolinsa, ka riƙe ranar komawa. In kuma a gidanku akwai wadda ta ɗauki jinyar ita kaɗai shekara da shekaru, a karɓe ta ko da kwana biyu ne a sati ta huta, a taimaka da kuɗin magani. Hausawa suka ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Dattawan ƙauyukan Aro ma, da ba su haɗa jini da marasa lafiyar nan ba, sun buɗe musu ɗakunansu.

A nan za mu dakata. Ku faɗa mana a ƙasa, a garinku ina ake fara kai mutum in ya samu wannan lalura, kuma wa ke zama da shi? A yi hattara kada a ambaci sunan kowa. Wanda ya san gidan da ke cikin wannan hali ya tura musu rubutun nan. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri.